Ƙasar da ta shekara dubbai a daskare ta fara narkewa: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa cika firiza da naman layya sannan aka ɗauke wuta kwana uku ya riga ya san rabin labarin nan, girman firizar ne kawai zai ba shi mamaki. Ga tambayoyin da mutane suka fi jefowa idan suka ji an ce ƙasa na narkewa a Saiberiya ta Rasha da Alaska ta Amurka.

Wai ƙanƙara ce ko ƙasa ce? Ni fa ban gane ba

Ƙasa ce irin wadda muke takawa, da yashinta da laka da tsakuwa da saiwoyin ciyawa, sai dai sanyi ya kama ta ta sandare ta koma kamar kankare. Ma'aunin da masana suka ajiye shi ne duk ƙasar da ta yi shekara 2 a jere zafinta bai haura digiri sifili ba to ta shiga layi. Turawa na ce mata famafuros, su kuma Rashawa sunan da suka raɗa mata ma'anarsa daskarewa ta har abada, wanda yanzu kam sunan ya fara ba su kunya. Shekara biyun nan fa mafi ƙaranci kenan, yawancinta ta yi dubban shekaru, a wani wuri a Saiberiya ma an samu wadda aka ƙiyasta ta kai shekara 650,000 ba ta taɓa narkewa ba.

Kar a haɗa ta da dusar ƙanƙara da muke gani a talabijin tana zuba a kan motoci, waccan a sama take tana zuwa tana tafiya. Wannan a ƙarƙashin ƙafa take, za ka iya tsayawa a kanta lokacin zafi ga ciyawa kore shar ga sauro na cizonka ba ka ma san da ita ba sai ka sa diga.

A ina take, kuma zurfinta ya kai nawa?

Can ƙuryar arewa. Kusan kashi 2 bisa 3 na ƙasar Rasha a kanta yake, Alaska wajen kashi 80 cikin 100, Kanada kusan rabi, sai tudun Tibet da Mongoliya da kawunan manyan duwatsu irin na Alps. Idan aka haɗa duka ta kai wajen kashi 15 cikin 100 na tsandaurin da ke rabin duniya na arewa.

Maganar zurfi kuma bari in ba ku labarin wata rijiya. A 1828 wani ɗan kasuwa a garin Yakutsk, babban birnin yankin Yakutiya na Saiberiya, mai suna Fyodor Shergin ya sa aka fara haƙa masa rijiya a gidansa, shi dai ruwan sha yake nema. Aka yi gaba biyar ba ruwa, gaba goma ba ruwa, ƙasa kamar dutse, shi kuma da taurin kai ya ƙi haƙura, aka yi ta yi shekara da shekaru har 1837, a lokacin rijiya ta kai mita 116, sama da gaba 60 kenan, ko ɗigo babu kuma har ƙasan a daskare. Kuɗinsa dai ya tafi amma masu ilimi sun gode masa don da rijiyar nan aka fara auna sanyin cikin ƙasa, tana nan har yau. Ashe ma shi a wuri mai sauƙi ya haƙa, a arewacin yankin akwai inda daskarewar ta kusa mita 1,500.

To idan haka ne ya ake bishiya ta tsiro, ya ake mutane su yi gini?

Ɓawon sama yana narkewa duk shekara lokacin zafi ya sake daskarewa da hunturu, wani wuri taƙi biyu ne kawai wani wuri ya kai mita 2. A cikin wannan ɗan ɓawon komai ke rayuwa, shi ya sa bishiyoyin can saiwarsu ba ta nutsawa ƙasa sai dai ta bazu gefe kamar faifai. Kuma tunda ruwa ba shi da hanyar tsotsewa ƙasa sai ya kwanta a sama, ruwan saman da Yakutsk ke samu a shekara bai kai na Damagaram ba amma ka duba hotonsu daga jirgi, daji ne da tafkuna ba iyaka.

Gini kuwa dabarar rumbu suka yi. Mu muna ɗora rumbu a kan duwatsu saboda gara da danshi, su suna ɗora bene sukutum a kan ginshiƙan kankare da aka kafe cikin daskararriyar ƙasa, a bar fili tsakanin ƙasa da gindin gida iska mai sanyi tana wucewa, don in ba haka ba ɗumin gidan ne zai narkar da abin da yake tsaye a kai. Yakutsk gari ne mai mutum sama da 300,000 kuma haka yawancin benayensa suke, fayif ɗin ruwa ma ba a binnewa, a sama yake bi an naɗe shi da abin tare sanyi. Bututun man Alaska da aka gama a 1977, kilomita 1,287, ya fi Kano zuwa Legas, kusan rabinsa a sama yake a kan ƙafafu saboda man da ɗuminsa yake fitowa. A jikin ƙafafun an saka wasu rufaffun bututai masu wani sinadari da ake kira amoniya a ciki, da hunturu amoniyar na zuƙo ɗumin ƙasa ta tashi sama ta huce ta sake gangarowa, ba lantarki ba janareto. Irin wannan dabarar Sinawa suka yi wa layin dogon Tibet da aka buɗe a 2006.

Me ya sa sai yanzu take narkewa?

Saboda can ɗin ya fi ko'ina saurin ɗumama. Daga 1979 zuwa yanzu yankin Aktik, wato ƙuryar arewacin duniya, yana ɗumama kusan ninki 4 na matsakaicin duniya. Ranar 20 ga Yuni 2020 a garin Verkhoyansk na Saiberiya, garin da aka san shi da sanyin da ke wuce digiri 60 ƙasa da sifili, ma'auni ya buga digiri 38, kai ka ce Sakkwato ce.

Amma ba zafin iska ne kaɗai ba. A saman ƙasar akwai gansakuka da tsofaffin ciyayi da suka danne juna, aikinsu ɗaya da bunun da ke kan ɗaki, suna hana rana kaiwa ga abin da ke ƙasa. Da zarar gobara ta cinye su ko buldoza ta kankare su shikenan an yaye wa ɗaki jinka. Gobarar dajin Yakutiya ta 2021 hayaƙinta har tsakiyar ƙuryar arewa ta duniya ya kai. Sai kuma wani abu da ke rikita mutane, yawan dusar ƙanƙara ba ya taimaka mata, bargo ne, idan ta yi kauri sai ta hana sanyin hunturu shiga ƙasa, ƙasar ta kwana da ɗuminta.

Ƙanƙara in ta narke ai ruwa ne kawai, me ya kawo maganar rushewar ƙasa?

Ai a wurare da yawa ƙanƙarar ce ke riƙe da ƙasar. Akwai wani nau'i da ake kira yedoma a Saiberiya da Alaska wanda fiye da rabinsa ƙanƙara ce zalla, wani wurin har kashi 90, tana tsaye a cikin ƙasa kamar manyan turaku. Ka cire rabin abin da ke cikin buhu ka ga ko buhu zai tsaya. Sama sai ya lotsa, titi ya yi tudu da kwari kamar an taka katifa, bishiyoyi su karkace wannan ya yi gabas wancan ya yi yamma, su can har suna suka ba abin wai daji mai maye. A Churapcha da ke Yakutiya akwai tsohon filin jirgin sama da a da yake shimfiɗe sumul, yanzu ya koma tsibi tsibi kamar kunyar dankali, ko akuya sai ta yi hankali.

Babban misalin shi ne ramin Batagaika da ke Yakutiya. A shekarun 1960 aka sare dajin da ke wurin, rana ta samu ƙofa, ƙasa ta fara zaftarewa ta yi ɗan kwazazzabo, kwazazzabo ya yi ta cin gaba, yau tsawonsa ya kai kilomita guda zurfinsa a wani gefen ya doshi mita 100 kuma duk shekara bangonsa na ja da baya da mitoci. Lokacin zafi wanda ya je kusa yana jin ƙasa na faɗuwa tim tim, ruwa na tsiyaya daga bango, mutanen yankin na ce masa ƙofar ƙarƙashin ƙasa. A 2018 an ciro gawar ɗan doki daga bangon, da gashinsa da kofatonsa, an ce ya shekara wajen 42,000.

Na ji wasu na cewa tafkuna na ƙaruwa wasu na cewa ƙafewa suke, wanne ne gaskiya?

Duk biyun, kuma abu ɗaya ne ke jawo su. Ku ɗauki kududdufi. Ƙasa ta lotsa, ruwa ya taru a wurin, ruwa kuma ya fi ciyawa shan zafin rana kuma ya fi riƙe shi, sai ya fara narkar da gefe da gefe, gaɓa na ruftawa ciki kududdufi na faɗi har ya zama tafki. Da zarar zurfinsa ya wuce kamar mita 2 to hunturu ba ya iya daskarar da shi har ƙasa, sama ya yi ƙanƙara amma gindin yana nan ruwa, kenan ƙasar da ke ƙarƙashin tafkin ba ta samun hutu, narkewa take rani da damina. Wannan narkakken aljihun shi ake kira talik, kuma shi ne wurin da ya fi ba masana tsoro don a nan narkewar ke nutsawa mita da mita cikin 'yan shekaru, ba santimita santimita ba irin na fili.

To daga nan sai ɗayan biyu. Ko dai gaɓa ta ɓalle ruwan ya kwarara zuwa kogi, wani lokaci cikin kwana ɗaya ko biyu, ko kuma talik ya yi ta ci har ya huda daskararriyar ƙasar gaba ɗaya, ruwa ya zurare ta ƙasa kamar randar da gindinta ya tsage. Wani bincike da ya fito a 2005 ya kwatanta hotunan tauraron ɗan adam na Saiberiya na farkon shekarun 1970 da na ƙarshen shekarun 1990, manyan tafkuna sun ragu daga 10,882 zuwa 9,712, guda 125 kuma sun ɓace ɓat. Amma abin lura a can arewa inda daskarewar ke da kauri tafkunan ƙaruwa suka yi, a kudu inda ta yi siriri ne suka zurare. Kenan farkon narkewa na kawo ruwa, ƙarshenta na tafiya da shi. A arewa maso yammacin Alaska a shekarar 2018 kaɗai an ƙirga tafkuna 192 da suka zube.

Ba duka ne asara ba fa, in za a faɗi gaskiya. Gurbin tsohon tafki da ya ƙafe ƙasa ce mai kyau, ciyawa na fitowa sosai, mutanen Sakha, 'yan asalin Yakutiya, na ce masa alas kuma tun kaka da kakanni a nan suke kiwon shanu da dawakai suna yankan ciyawar hunturu, fadamarsu kenan. Wani lokaci ma gurbin yakan sake daskarewa, ruwan da ya maƙale a ƙasa ya zama curin ƙanƙara ya tura ƙasa sama ta yi tudu, shi ne pingo, akwai wani kusa da Tuktoyaktuk a Kanada mai tsawon mita 49. Matsalar saurin da abin ke yi yanzu ne, tafkin da iyali ke kamun kifi a ciki tun zamanin kakansu a wayi gari sai taɓo.

Koguna ma ba su tsira ba. A tsaunukan Brooks na Alaska an samu wurare sama da 70 da ruwa garau ya koma ruwan lemo kamar tsatsa, narkewa ta buɗe duwatsu masu ƙarfe ruwa da iska suka same su.

Ana cewa narkewar na sakin kabon, sinadarin da ke cikin hayaƙin da ke ɗumama duniya, to ina maganar ta shigo?

Nan ne firizar nan ta dawo. A wajenmu idan ganye ya faɗi ko dabba ta mutu a daji, kafin damina biyu gara da ƙwayoyin bakteriya sun gama da shi, kabon ɗin da ke jikinsa ya koma iska. A can sanyi ba ya barin ruɓa ta ƙarasa aikinta. Ciyawa ta fito ta mutu, ba ta gama ruɓewa ba ƙura ta rufe ta ta daskare, wata ta fito a kai, haka haka shekara dubbai, da saiwoyi da kashin dabbobi da gawarwakinsu duk an jera an rufe firiza. Ƙiyasin masana shi ne akwai kabon tan biliyan 1,400 zuwa 1,600 a ƙasashen yankin, kusan ninki biyu na wanda ke cikin sararin samaniya gaba ɗaya a yau. Don ku gane girman abin, duk man fetur da gas da kwal da duniya ke ƙonawa a shekara kabon ɗinsa wajen tan biliyan 10 ne.

Yanzu an ɗauke wa firiza wuta. Bakteriya sun farka sun tarar da abinci jibge, suna ci suna fitar da iska. Idan wurin a bushe yake iska na shiga sai su fitar da kabon dayoksaid, idan kuma a ƙarƙashin ruwa ne inda ba iska sai su fitar da mitan, ita ce dai iskar da ake samu daga kashin shanu a injin bayogas, ita ce kuma CNG ɗin da ake ta maganar mayar da motoci kanta. Mitan ba ta daɗewa a sama kamar kabon dayoksaid amma kafin ta tafi tana aiki, cikin shekara 20 ƙarfinta na riƙe zafi ya kai ninki 80. Iskar ta ƙara wa duniya zafi, zafi ya ƙara narkar da ƙasa, ƙasa ta ƙara fitar da iska, kun ga an shiga zagayen da babu mai tuƙi.

Masu zuwa irin bangon Batagaika suna cewa wari ne ke fara yi maka maraba, irin na tsohon turke bayan ruwan sama.

Da gaske ne ana kunna wa tafki wuta?

Ƙwarai. Da farkon hunturu idan saman tafki ya daskare kumfar mitan na maƙalewa a cikin ƙanƙara fari fari kamar an jera faranti. Katey Walter Anthony ta jami'ar Alaska da ke Fairbanks ta yi suna da wannan, a huda ƙanƙarar a kawo wuta kusa sai harshen wuta ya tashi fuu ya wuce tsawon mutum. Ba wasa take ba, hanya ce ta tabbatar da cewa mitan ce.

Ramukan nan da aka ce ƙasa ta fashe da kanta fa?

A 2014 masu wucewa a jirgi mai saukar ungulu suka hango wani rami a yankin Yamal da ke arewacin Saiberiya, zagayayye, bangonsa sumul kamar rijiya, zurfinsa gomman mitoci ga ƙasa da ƙanƙara warwatse a bakinsa. Aka yi ta surutu, wasu su ce makami ne wasu su ce dutse ne ya faɗo daga sama. Bayanin da ya fi ƙarfi shi ne gas ne ya taru a ƙarƙashi, murfin da ke danne shi ya yi laushi, ƙasa ta kumbura ta yi tudu sannan ta yi bindiga. An samu wasu bayansa, zuwa 2020 an ƙirga 17. Cikin shekara biyu ko uku ruwa ke cika su su koma tafki kamar ba a yi ba. Abin da ke hana injiniyoyi barci shi ne Yamal nan ne rijiyoyin gas ɗin Rasha da bututansu suke.

Kenan bom ne da zai tashi da duniya rana ɗaya?

A'a, kuma ni wallahi wannan kalmar ta bom haushi take ba ni, don idan ka ce wa mutane bom suka jira shekara biyar ba su ji ƙara ba sai su ce duk ƙarya ce. Abin ya fi kama da yoyon tanki, ba ƙara ba hayaniya amma ba ya tsayawa. Kabon ɗin nan ba duka zai fito ba, yawancinsa na can ƙasa da nisa. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce duk ƙarin digiri 1 na zafin duniya zai iya sa ƙasar ta saki kabon dayoksaid tsakanin tan biliyan 14 zuwa 175. Ko ƙaramin aka ɗauka ba abin rainawa ba ne, ko babban aka ɗauka bai kai jimillar abin da mu 'yan adam ke fitarwa da hannunmu shekara da shekaru ba. Yadda masana ke kwatantawa shi ne a wannan ƙarnin kamar an ƙara wa duniya wata babbar ƙasa mai masana'antu, ni kuma in ƙara da cewa ƙasa ce wadda ba ta zuwa taro ba ta sa hannu a yarjejeniya ba a kuma iya saka mata takunkumi. Kuma abin da ya taru cikin shekara dubu talatin in ya fita ba ya komawa a zamaninmu ko na jikokinmu.

Ba ciyayi za su ƙaru su shanye iskar ba tunda wuri ya yi ɗumi?

Suna ƙaruwa kam, hotuna sun nuna arewa na ƙara yin kore, kuma suna shanye wani kaso. Sai dai a Disamba 2024 hukumar yanayi da teku ta Amurka ta fitar da rahoton cewa filayen tundura, wato filayen can arewa marasa bishiyoyi, waɗanda suka shekara dubbai suna ajiye kabon, yanzu idan aka haɗa da gobara abin da suke fitarwa ya fi abin da suke sha.

Maganar tsofaffin cututtuka za su farfaɗo, tsoratarwa ce ko gaskiya?

Akwai ta gaske akwai ta fim. Ta gaske ita ce ta 2016 a Yamal, an yi zafi har digiri 35, sai ciwon saifa ya ɓarke, wanda likitoci ke kira antiraks, duk makiyayi ya san shi. Mutanen Nenets makiyaya ne, barewar sanyi da ake kira rendiya suke kiwo suna ƙaura da ita kamar yadda Fulani ke yi da shanu. Dabbobi sama da 2,000 suka mutu, an kwantar da mutane da dama, yaro ɗan shekara 12 ya rasu. Rabon yankin da cutar tun 1941. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne ƙwayar cutar ta fito daga ƙasar da ta narke inda tsofaffin mushe suke, ga shi kuma an daina yi wa dabbobin rigakafi shekaru kafin nan, wannan kashin na biyu ba a cika faɗinsa ba alhali shi ne darasin.

Ɗaya ɓangaren kuma, wani masani Bafaranshe Jean-Michel Claverie da abokan aikinsa sun farfaɗo da bairos daga ƙasar Saiberiya, a 2014 mai shekara 30,000, daga baya har mai shekara 48,500. Amma waɗannan ba mutum suke kamawa ba, wata 'yar ƙaramar halitta mai suna amiba suke kamawa. An kuma tayar da tsutsar da ta yi barcin shekara 46,000 ta motsa har ta hayayyafa, Allah mai iko. Ni a ganina mutanen can sun fi fuskantar haɗari daga masai da juji da tsofaffin ramukan sharar masana'antu da aka binne da tunanin ƙasa ba za ta taɓa narkewa ba.

Su mutanen da ke zaune a wurin ya suke ciki?

Wajen mutum miliyan 5 ke zaune a kan daskararriyar ƙasar Aktik. Ƙauyen Newtok na ƙabilar Yupik a Alaska kogi ya yi ta cin gaɓarsa tunda ƙasar ta yi laushi, gidaje na karkacewa, dole suka fara ƙaura zuwa sabon wuri mai suna Mertarvik a 2019. A arewacin Alaska mutane na da ramukan ajiya da suka haƙa a ƙasa suna zuba nama ya shekara, firizar gado kenan, yanzu wasu na cika da ruwa nama na lalacewa.

A garin Norilsk na Saiberiya ranar 29 ga Mayu 2020 wani ƙaton tankin dizal ya rufta, kusan tan 21,000 ya malala, kogin Ambarnaya ya koma ja. Kamfanin da ke da tankin ya ce narkewar ƙasa ce, hukumar binciken Rasha ta ce akwai sakaci a ginin da kulawa, kotu ta ci su tarar rubul biliyan 146. Wannan ma abin lura ne, narkewar ƙasa ta zama wurin ɓuyan duk wanda bai yi aikinsa ba.

Wasu kuma kasuwa ta buɗe musu. Haƙoran giwayen nan masu gashi da suka ƙare tun da daɗewa, mamot, suna fitowa daga gaɓar koguna, matasa na zuwa da injin ban ruwa suna fasa gaɓa da ƙarfin ruwa su ciro a kai ƙasar Sin, suna samun kuɗi suna kuma ƙara wa ƙasar saurin zubewa.

Mu da ke fama da zafin Maris da Afrilu ina ruwanmu da ƙanƙarar Rasha?

Ba zan ce maka ambaliyar Maiduguri ta 2024 ko zafin digiri 48.5 da aka yi a Kayes ta Mali a shekarar daga Saiberiya suka zo ba, wanda ya faɗi haka ya yi azarɓaɓi. Amma sama ɗaya ce, iskar da ta fita daga tafkin Alaska ba ta neman biza, tana gauraya da sauran ta ƙara wa kowa zafi, mu kuma da Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya mu ne ke noma da ruwan sama.

Akwai ma wata alaƙa ta kai tsaye da ba kowa ya sani ba. A tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe an fafe dutse an yi rumbun ajiyar irin shuka na duniya, an buɗe shi a Fabrairu 2008, an zaɓi wurin ne saboda ko injin sanyaya ya tsaya daskararriyar ƙasa za ta riƙe. Cikin akwatunan farko da suka isa akwai na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, irin wake da masara da waken soya da gurjiya daga ƙasashen Afirka 36. To a ƙarshen 2016 aka yi ɗumi da ruwan sama a lokacin da ya kamata a ce ƙanƙara ce ke zuba, ruwa ya shiga ta hanyar shiga rumbun ya daskare a zaure. Bai kai ga irin ba alhamdu lillahi, amma sai da gwamnatin Norwe ta kashe kusan yuro miliyan 20 ta sake ginin hanyar. Waken Kano da gurjiyarmu suna can a digiri 18 ƙasa da sifili.

Ba yadda za a yi a sake daskarar da ita?

A ƙarƙashin gida ɗaya ko titi ko bututu ana yi, da irin bututan amoniyar da na faɗa. Amma fili mai faɗin miliyoyin murabba'in kilomita ba wanda zai sa masa firij, abin da kawai ke rage yawan wadda za ta narke shi ne rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, duk ɗan digirin da aka hana wani yanki ne ya tsira.

Akwai dai wani Barashe, Sergey Zimov, da ɗansa Nikita da suka ɗauko wata hanya da makiyayi zai fi farfesa saurin ganewa. Kun tuna na ce dusar ƙanƙara bargo ce? Su suka ce a zamanin mamot garken dabbobi ne ke tattake ta suna tonon ciyawa, bargo ya yi siriri sanyi ya shiga ƙasa sosai. Sai suka killace fili kusa da garin Chersky a bakin kogin Kolyma tun shekarun 1990 suka yi ta kawo dawakan Yakutiya da rendiya da ɓaunar bison da shanun yak da tumaki, suna auna ƙasa, kuma inda dabbobi suka tattake ya fi sanyi da hunturu. Masu suka na cewa filin ɗan mitsitsi ne, dabbobin da za a buƙata don a rufe Saiberiya miliyoyi ne, wa zai kawo su wa zai ciyar da su a shekarar farko. Su dai ba su fasa ba, a 2021 har raƙuma masu tozo biyu suka ɗauko a mota da jirgin ruwa suka sauke a wurin.